Baƙon da ke ba da tarihin mamaci: tambayoyi da amsoshi kan masu jagorantar jana'iza a Birtaniya da Ostareliya

Bahaushen da ya ɗan zauna a Ingila, karatu ne ya kai shi ko aikin asibiti, ba daɗe ko ba jima za a gayyace shi jana'izar abokin aiki ko ta maƙwabci. Sai ya tafi da tunanin zai ga fada ko fasto, ya tarar da wata dattijuwa cikin baƙar kwat, ba gicciye a wuyanta, ba littafin addini a hannunta, tana ba da labarin mamacin tiryan-tiryan kamar tare suka tashi. Bayan an watse ya tambaya ko 'yar uwar marigayin ce, a ce masa ai ko sau ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba. Ga tambayoyin da mutanenmu suka fi yi a kan wannan sana'a.

Wane ne wannan mai jagorantar jana'izar, tunda ba malamin addini ba ne?

Mutum ne da iyalan mamaci ke ɗauka su biya shi, ya tsara musu taron bankwana, ya kuma jagorance shi. A can suna ce masa selebirant. Ba coci ce ta naɗa shi ba, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba ne. Ba ruwansa da gawa: wanka, sutura, akwati, mota da takardu duk aikin kamfanin shirya jana'iza ne. Shi nasa aikin magana ce. Zai zauna da iyali ya ji ko wane ne ya rasu, ya rubuta tarihinsa, ya jera waɗanda za su yi jawabi da waƙoƙin da za a saka, sannan ranar jana'iza ya tsaya gaban jama'a ya riƙe taron daga buɗewa har rufewa. Mata sun fi yawa a cikinsu, kuma da dama sai da suka ajiye wani aikin suka shigo wannan: tsofaffin malaman makaranta, nas-nas, 'yan sanda masu ritaya, ma'aikatan ofishin rajistar haihuwa da mutuwa.

Daga ina aka samo wannan sana'a?

Ostareliya ake danganta ta da ita. A 1973 ministan shari'ar ƙasar, Lionel Murphy, ya lura cewa duk wanda ba ya son a ɗaura masa aure a coci ba shi da wurin zuwa sai ofishin rajista, inda ake sallamar ango da amarya cikin 'yan mintuna ba wani armashi. Dokar aure ta 1961 ta ba shi ikon naɗa masu ɗaurin aure, sai ya yi amfani da ikon. Ranar 19 ga Yulin 1973 ya naɗa wata matashiya mai shekara 26 daga jihar Queensland, Lois D'Arcy, ta zama ta farko.

Aure aka nufa, mutuwa ta biyo baya. Waɗanda aka ɗaura musu aure ba tare da coci ba, da rashi ya zo gidansu sai suka koma wurin mutumin da suka riga suka sani. A Yulin 1975 wani mai ɗaurin aure, Dally Messenger III, ya jagoranci jana'izar wata matashiya a wajen birnin Melbourne, wadda shi ne ya ɗaura mata aure makonni kaɗan kafin rasuwarta. Ita ake lissafawa a matsayin jana'iza ta farko irin wannan a ƙasar.

A Birtaniya kuwa akwai tsohon tushe. Ƙungiyar marasa addini da yanzu ake kira Humanists UK, wadda aka kafa a 1896, tana yi wa 'ya'yanta jana'iza ba addu'a tun ƙarshen ƙarni na 19. Amma masu zaman kansu, waɗanda ba su jingina da wata aƙida ba, sai farkon shekarun 2000 suka yaɗu, har aka kafa musu cibiya mai suna Institute of Civil Funerals a 2004. Jamusawa ma suna da nasu masu jawabin makoki, musamman a gabashin ƙasar, inda mulkin kwaminisanci ya raba mutane da coci.

Me ya sa ta karɓu haka?

Cocin ce ta yi wa mutane nisa. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta nuna Kiristoci sun koma kashi 46.2 cikin ɗari, karon farko da suka gaza rabi, masu cewa ba su da addini kuma sun kai kashi 37.2. A Ostareliya, a wannan shekarar dai, marasa addini sun kai kashi 38.9. Cikin masu kiran kansu Kiristoci ma, da yawa rabon su da shiga coci tun ranar ɗaurin aurensu.

Sai kuma ƙona gawa. Tun da aka fara shi a hukumance a garin Woking na Ingila a 1885 abin ke ƙaruwa, cocin Katolika ta ɗage haramcinsa a 1963, yau kusan gawa huɗu cikin biyar a Birtaniya ƙonawa ake yi. Wannan ya ɗauke jana'iza daga cocin unguwa ya mayar da ita ɗakin taro na gidan ƙona gawa. A da, iyalin da ba su da coci sai a haɗa su da duk limamin Kiristan da ke kan aiki a ranar. Ya zo bai san mamaci ba, ya karanta addu'o'in da ya karanta wa na gabansa, wani lokaci har ya kuskure suna. Wannan takaicin ne ya buɗe wa sana'ar ƙofa.

A nan ne Bahaushe ke ɗan rikicewa, kuma da gaskiyarsa. Limamin da ke sallar gawa a Kano ko Damagaram ba ya buƙatar a ba shi labarin mamaci, sau da yawa a bayansa mutumin yake salla. Ko da bai san shi ba ma, sallar ba ta da jawabi: kabbara huɗu ce da addu'a, kuma abin da ake nema rahama ce ga mamaci. Tarihinsa kuwa a kan tabarma ake ba da shi, wajen zaman makoki, kowa ya zo da nasa guntun labarin. Su a can ba su da wannan zaman na kwanaki. Duk abin da za a faɗa a kan mutum sai an tattara shi cikin rabin awa, dole kuwa a sami wanda zai tattara.

Ke nan duk wanda ya kira su ba shi da addini?

A'a. Iri biyu ne, kuma gara a san bambancin tun da wuri. Na ƙungiyar Humanists UK ba sa jagorantar addu'a ko ibada, don su ba su yarda da lahira ba, sai dai su ba da ɗan lokacin shiru wanda mai son addu'a zai yi a zuci. Masu zaman kansu kuwa abin da iyali suke so shi suke yi. Idan matar mamaci ta ce a karanta Zabura ta 23 ko a rera waƙar coci guda ɗaya saboda tsofaffin dangi, za a yi. Yawancin iyalai a tsakiya suke: ba sa son cikakkiyar hidimar coci, ba sa kuma son a rufe nasu ba a ambaci Allah ba ko sau ɗaya.

Ta yaya mutum zai ba da tarihin wanda bai taɓa gani ba?

Duk sana'ar a nan take. Abin da ake gani ranar jana'iza ƙarshen aiki ne, ainihinsa ana yin sa kwanaki kafin nan, a falon iyalin.

Jagoran zai zo gidan, a ba shi shayi, ya zauna awa ɗaya da rabi ko biyu, wani lokaci fiye. Da farko abin da zai ji shi ne abin da kowa ke faɗa: mutumin kirki ne, yana son iyalinsa, ba ya faɗa da kowa. Wanda bai iya aikin ba a nan zai tsaya, ya rubuta shekarar haihuwa, makarantar da aka yi, wurin aiki, sunayen jikoki, ya rufe littafi. Gwani kuwa ya san ba a fara ba tukuna. Zai tambayi a wace kujera yake zama, me ke ba shi haushi, me yake cewa idan ya ɗauki waya, wane abinci ne ya ƙi jini. Zai ga hoton wani tsohon babur a bango ya tambayi labarinsa. Zai lura cewa babbar 'ya ce ke ta magana, ƙaramin ɗan yana gefe bai ce uffan ba, sai ya juya wurinsa ya jira. Jiran nan shi ya fi wuya. Mutane da yawa ba sa iya jure shiru a ɗakin makoki, sai su yi sauri su cike shi da magana, alhali daga cikin shirun ne wani zai ce, “Kun tuna ranar da ya kulle kansa a gareji?” Daga nan a fashe da dariya, a yi kuka, labarin gaskiya ya fara fitowa.

Bayan ya tashi zai buga wa waɗanda ba su sami zuwa ba waya: ƙanwar da ke wata ƙasa, abokin aiki na shekara talatin, don iyali gefe ɗaya kawai na mutum suka sani. Sannan ya zauna ya rubuta, ya aika wa iyali su duba kafin ranar. Duk sunan da bai tabbatar da furucinsa ba ya sa a maimaita masa. Jana'izar rabin awa tana iya cin wunin aiki guda ko fiye idan aka haɗa zirga-zirga, rubutu da waya.

Yaya ranar kanta take kasancewa?

Da agogo ake yi. Gidan ƙona gawa yana sayar da lokaci ne gunduwa-gunduwa, galibi minti 30 zuwa 45 ga kowane iyali, a ciki har da shiga da fita. Abin da ke saura wa taron kansa bai fi minti 20 zuwa 30 ba. Wasu wuraren suna cin tarar wanda ya zarce, kuma kafin ku fito wani iyalin na tsaye a waje da tasu motar gawar.

Jagoran kan iso da wuri, ya duba cewa waƙoƙin da aka zaɓa suna cikin na'ura, ya tarbi motar gawa a ƙofa. Ana shigo da akwati ana kiɗa, a ɗora shi a kan dakali a gaba. Ya yi maraba, ya faɗi abin da ya tara mutane, ya ba da tarihi. Sai ɗa ko aboki ya taso ya yi nasa jawabin. A nan gwani kan tsaya kusa, da kwafin jawabin a hannunsa, don in kuka ya ci ƙarfin mai magana ya tambaye shi a hankali ko ya ƙarasa masa. Sai a yi shiru na ɗan lokaci, ko a nuna hotuna a allo. Daga ƙarshe a zo kalaman sallama, kowa ya miƙe. A wurare da yawa akwai maɓalli a jikin teburin jawabi wanda idan ya danna labule ke zagaye akwatin. Wasu iyalan ba sa son ganin rufewar labulen sam, sun fi so su fita su bar akwatin a fili, kowa ya dafa shi zai wuce. Jagoran da bai yi wannan tambayar tun a gida ba ya yi sakaci, don danna maɓallin nan bagatatan ya isa ya ɓata wa gwauruwa ranar gaba ɗaya.

Ta ina ake gane nagari da na jeka-na-yi-ka?

Babban ma'auni ɗaya ne: idan aka cire sunan mamaci daga jawabin, waɗanda suka san shi za su gane da wa ake? In jawabin zai hau kan kowa kamar rigar aro, to ba a yi aiki ba.

Akwai masu tsari ɗaya a kwamfuta, su canza suna da shekaru, su kwarara wa kowa kalmomi iri ɗaya, har waƙen da suke karantawa bai canzawa. Irin waɗannan su ne ke yin jana'iza uku ko huɗu a rana, kuma su ne wani lokaci ke kiran sunan mamacin safe a jana'izar rana. Akwai kuma masu ɗaukar wurin kamar dandamali, su yi ta wasa da murya, su sako labarin rasuwar tasu uwar, har mutane su fita suna maganar jagoran maimakon marigayin. A ganina waɗannan sun fi na farko illa, don na farko gundura kawai suke jawowa, su kuwa ƙwace taron suke yi. Sai masu yawan zaƙi, waɗanda kowane mamaci a bakinsu tauraro ne, kowace tsohuwa mala'ika. 'Ya'yan da suka san halin uwarsu sai su zauna suna kallon juna.

Nagari yana zuwa gida da ƙafarsa, ba ya wadatuwa da waya sai in dole. Yana saurare fiye da yadda yake magana. Yana amfani da kalmomin iyalin, in “Kaka” suke ce mata ba zai tsaya yana kiran cikakken sunanta na takarda ba. Ba ya tsoron kalmar mutuwa, ba ya kuma tsoron dariya in mamacin mai barkwanci ne. Muryarsa tana kai wa kujerar baya inda tsofaffi masu nauyin ji suke. Yana riƙe lokaci ba tare da an ga yana duba agogo ba. Bayan an gama ya ba iyali kwafin abin da ya karanta, don da yawa ba sa tuna komai daga wannan ranar.

Ba su da lasisi ne? Wa ke sa musu ido?

Babu. A Ingila taron jana'iza ba shi da wani matsayi a doka. Abin da doka ta damu da shi rajistar mutuwa ne da takardar izinin binnewa ko ƙonawa. Kowa na iya buga kati gobe ya ce shi jagoran jana'iza ne. A Ostareliya ma masu ɗaurin aure ne gwamnati ke yi wa rajista, na jana'iza ba ruwanta da su.

Akwai makarantun horo, wasu na watanni da jarrabawa da sa ido a kan jana'izar farko, wasu na kwana biyu ko uku ta intanet. Akwai ƙungiyoyin sana'a masu ƙa'idojin aiki da hanyar kai ƙorafi, amma shiga ba dole ba ne. Takardar shaida tana nuna mutum ya yi ƙoƙari, ba ta nuna ya iya zama da masu kuka.

Wa ke zaɓensa, kuma nawa ake biya?

A ƙa'ida iyali ne. A zahiri kamfanin shirya jana'iza ne, don mutumin da ya yi rashi jiya ba shi da zuciyar bincike, duk wanda aka ce masa “muna da wata da muke aiki da ita” sai ya ce to. Kamfani nagari yakan duba irin iyalin ya haɗa su da wanda ya dace. Wani kuwa wanda ba ya zarce lokaci, ba ya kawo matsala, ba ya tsada, shi yake kira. Ka ga abin da kamfani ke so da abin da iyali ke buƙata ba kullum suke haɗuwa ba.

Kuɗin a Birtaniya yawanci fam 200 zuwa 300 ne, ƙaramin kaso cikin jana'izar da ke cin dubban fam. Wannan tsohuwar rigima ce. Masu sana'ar na cewa in an matse kuɗin, dole mutum ya yawaita jana'iza don ya ci abinci, in ya yawaita kuma inganci ya faɗi. Shi kansa Dally Messenger ya daɗe yana wannan faɗan, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Ostareliya ta kai shi kotu, aka ci shi tara a 2007 bisa yunƙurin sa abokan sana'arsa su tsayar da farashi. A Birtaniya kuma, tun Satumban 2021 hukumar gasa ta wajabta wa kamfanonin jana'iza manna jerin farashinsu inda kowa zai gani.

Iyali na da damar neman nasu jagoran, su yi magana da biyu ko uku a waya kafin su tsayar. Tambayoyin da suka fi tona asiri: za ka zo gida? Jana'iza nawa kake da ita a ranar? Za mu ga rubutun kafin lokaci?

Idan mamacin ba mutumin kirki ba ne fa? Ƙarya za a yi?

Ba a ƙarya, ba a kuma tone-tone. Mu mun san hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, wanda ya hana zagin matattu don sun riga sun tarar da abin da suka gabatar. Su ba da wannan suke aiki ba, amma gwanayensu kusan nan suke tsayawa. Mutumin da giya ta ɗaiɗaita, ko uban da ya gudu ya bar yara, ba za a tsaya a kira shi uba nagari ba, don 'yar da ya bari tana zaune a kujerar gaba, kuma ƙaryar za ta zame mata sabon ciwo. Sai a ce zama da shi ba sauƙi, a ce kowa a ɗakin nan da irin abin da yake tunawa, wasu mai daɗi wasu akasin haka. Jimla ɗaya irin wannan ta isa wanda aka cuta ya ji an san da shi. Sannan a nemo abin da ke gaskiya na alheri, ko da iya gyaran mota ne, a faɗa.

Mai wuya ita ce gida biyu: matar farko da 'ya'yanta a gefe guda, ta biyu a ɗaya gefen, kowa na son a ba da nasa tarihin. Wanda ya sa hannu a takardar kamfani shi ke da ta cewa, amma jagora mai hankali zai lallashe shi kada a goge shekara ashirin daga rayuwar mutum kamar ba a yi su ba.

In kuma mutum ne ya kashe kansa, ana tambayar iyali ko suna son a ambata. In sun yarda a faɗa a fili cikin natsuwa, ba a bayyana yadda aka yi ba, ba a kuma nuna abin a matsayin mafita, saboda matasan da ke zaune a wurin.

Iyali ba za su iya yi da kansu ba?

Za su iya, ba dokar da ta hana, kuma wasu jana'izun da suka fi ratsa jiki haka aka yi su. Sai dai wanda zai jagoranta ya sani cewa ba zai sami damar yin nasa kukan ba sai an gama. Wasu kan raba: jagora ya riƙe buɗewa, lokaci da sallama, dangi su yi duk maganar da ke tsakiya.

Wanda ya mutu ba shi da kowa, wa zai yi masa?

A Ingila dokar lafiyar jama'a ta 1984 ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin binne ko ƙona wanda ba a sami mai ɗaukar nauyinsa ba. Wasu hukumomin kan kira jagora ko limamin Kirista ya faɗi 'yan kalmomi, ko da ɗakin ba kowa sai ma'aikata. Mai himma zai bi maƙwabta ko ma'aikatan gidan tsofaffi ya samo ko da abu biyu na gaskiya a kan mutumin. A Holand har wani tsari suka fito da shi, wanda ya fara a birnin Groningen ya kai Amsterdam a 2002: a nemo marubucin waƙa ya rubuta wa mamacin baituka na kansa, ya zo ya karanta a gaban akwati.

Annobar korona ta canza wani abu?

Sosai. An taƙaita masu halarta, har jana'izar Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, a Afrilun 2021 mutum 30 kacal aka bari. Jagorori suka koma jin tarihin mamaci ta bidiyo, suka koyi yi wa kyamara magana saboda dangin da ke kallo daga nesa, kuma watsa jana'iza ta intanet ya zauna daram har yau. Wani abin da ya bunƙasa shi ne ƙona gawa kai tsaye ba taro, ba mahalarta, saboda arha. Yanzu kusan jana'iza ɗaya cikin biyar a Birtaniya haka ake yin ta. Wasu iyalan daga baya sukan kira jagora su yi taron tunawa a lambu ko ɗakin taro, inda ba mai korar su bayan rabin awa. Wasu kuwa ba sa yin komai, a kawo musu toka a gida shi ke nan. Ni dai ban ga yadda rangwamen kuɗi zai maye wa jika gurbin ganin an taru saboda kakansa ba.

An gayyace ni irin wannan jana'izar. Ni Musulmi ne, me zan yi?

Hukuncin halarta magana ce ta malamai, kuma sun yi saɓani a kan iyakarta, don haka ka tambayi malamin da ka amince da shi. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim shi ne Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, da aka gaya masa ko ta wane ne ya ce ai rai ne. Yi wa maƙwabci ta'aziyya kuwa malamai da dama sun halatta.

In za ka je, ka isa kafin lokaci, don ba a jiran kowa. Ka sa tufafi masu duhu sai in an ce a zo da masu launi. Ba wanda zai tilasta maka rera waƙa ko cewa amin. Sau da yawa akwai akwatin taimako a ƙofa na wata ƙungiyar agaji da iyali suka zaɓa maimakon furanni. Liyafar bayan jana'iza kan kasance a mashaya, kana iya gaisawa da iyali a ƙofar ɗakin taro ka wuce, ba mai ganin laifinka. Abu ɗaya da ya saɓa da tarbiyyarmu: kada ka faɗa gidan mamaci ba sanarwa da zarar ka ji labari. Ka fara da kati ko saƙo, ka tambaya ko ka zo.

Musulmin da ya rasu a can, shi ma sai an nemo masa irin wannan jagoran?

A'a. Musulmi sun kai miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kuma manyan masallatai na da wurin wankan gawa da masu yi, maza da mata. A Landan akwai kamfanonin jana'iza na Musulmi irin su Haji Taslim da ke Whitechapel, da maƙabartu irin su Gardens of Peace da aka buɗe a 2002. Liman ne zai yi salla yadda aka saba. Abin da ke kawo jinkiri takardu ne: tun 9 ga Satumban 2024 duk mutuwar da ba a miƙa wa jami'in binciken musabbabin mutuwa ba sai wani likita daban, wanda ba shi ne ya kula da mamacin ba, ya duba ta kafin a yi rajista. Ku gaya musu tun farko cewa addini na buƙatar gaggawa, sun san da batun.

Inda matsala take shi ne gidan da aka haɗu, misali Bahaushe ya auri Baturiya da ba Musulma ba, 'ya'ya sun tashi ba su san masallaci ba. A dokar Ingila, abin da mutum ya rubuta game da yadda za a yi da gawarsa ba ya ɗaure kowa. Wanda ya naɗa ya zartar da wasiyyarsa shi ke da ikon yanke hukunci, in babu wasiyya kuma ikon na makusancinsa ne, galibi matarsa. In ta zaɓi ƙonawa da jagora, 'yan uwa a Katsina ko Maraɗi ba su da abin yi sai waya. Saboda haka wanda ke cikin irin wannan hali ya rubuta wasiyya, ya naɗa mai zartarwa wanda ya tabbata zai kai shi masallaci, ya kuma zaunar da iyalinsa ya gaya musu da bakinsa tun yana da lafiya, ya ba su lambar masallacin da za su kira. Wasu gidajen sukan raba abin gida biyu lafiya lau: a yi salla a binne da wuri, bayan makonni matar da abokan aiki su yi nasu taron tunawa da jagora, inda ba gawa a wurin.